Saiwar Da Muka Bari A Bakin Sale

Cikin duk ranakun da na yi a bakin aiki, wadda ta ƙi barin kaina ita ce ranar da na tsaya a rumfar mai turin waƙoƙi, tsakiyar kasuwa, ina kallon ƙoƙon kan ƙanin matata yana juyawa a cikin ordinater, wato kwamfuta, shi kuma mai kan yana zaune a gefena da ransa. Ku ƴan sitaj, masu koyon aiki da ake turo mana kowace shekara kuna yawan tambayata me ya sa ba na murna in an ce za a kawo sabon inji. To ga dalilin na rubuta muku, don na gaji da maimaitawa.

Sunana Habu. Ni ba likita ba ne, ba kuma anfarmiye ba, wato nas. A siziyam, ajin farko na sakandare, aka kore ni daga lakwal, na yi ta gararamba, daga baya wani kawuna ya samo mini aikin shara a asibiti. Ba zan faɗi sunan asibitin ba. Yana nan dai cikin ƙasarmu ta Magarya da Dungas. Daga tsintsiya aka maida ni ɗakin haƙori. Ni ke wanke ƙarafa in dafa su, ni ke riƙe fitila in kuran, wato lantarki, ya ɗauke, ni ke danne kan mutum in ya fara fizge-fizge. Sama da shekara ashirin ke nan, har yau ɗan kwantaragi ne ni, yaran da na nuna wa yadda ake riƙe awartaki su ne shugabannina yanzu. Ban da wannan akwai wani aikin da ba a rubuta shi a ko'ina ba, shi ya fi nauyi: ni ne ɗan gari. Likitoci afektasiyo, wato canjin wurin aiki, ke kawo su, afektasiyo ke tafiya da su. Ni ina nan. Duk wanda ya fito daga ƙauyukanmu ba asibiti ya zo ba, wurin Habu ya zo. In aiki ya yi kyau, a gode wa Allah. In ya ɓaci, ƙofar gidana aka sani.

A lokacin mu uku ne a ɗakin. Akwai Majo Isufu, babban anfarmiye da ya yi kwas na haƙori tun zamanin da. Majo shi ne mai riƙe da sarbis, wato sashenmu, makulli a aljihunsa yake. Hannunsa kam, gaskiya, ban ga irinsa ba. Zai sa awartaki, ya ɗan girgiza, ya lumshe ido kamar mai sauraron wani abu, sai ka ga turmi ya fito da saiwarsa duka. Sai kuma Dokta Hadiza, cikakkiyar likitar haƙori da aka turo mana daga Yamai ba da daɗewa ba. Yarinya ce a kanmu, Bazabarma, Hausarta ta sayen albasa ce kawai. A takarda ita ce sama da Majo, a bakin mutane kuwa yarinyar Majo ce. Madam muke ce mata. Ni ne tafintanta, da ɗan guntun Faransancina.

Sale ƙanin matata Mariya ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana zaune a wani ƙauye kusa da Sassumbrum. Yana noma kamar kowa, amma abin da yake riƙe da gidansa algaita ce, gadon ubansu. In an yi girbi aka shiga bukukuwa da kokowa, ba ya kwana biyu a gida. Wanda bai san algaita ba, bari in gaya masa: duk aikin a leɓe yake. Mai busa yana danne leɓɓansa a jikin ɗan faifan bakin, ya cika kumatu, yana shaƙa ta hanci yana hurawa, sautin ba ya yankewa. Leɓe ya saki kaɗan, iska ta tsere, to busa ta ƙare.

Ƙarshen damina ne, gero ya fara nuna, ya zo mini da kumatu kamar ya cusa mangwaro. Turminsa na ƙarshe na ƙasa, gefen dama, bai fito daidai ba. A kwance yake cikin ƙashi yana tokarin na gabansa, nama ya rufe rabinsa, kullum abinci na shiga ƙarƙashi ya ruɓe. Ya sha kumbura yana sacewa, wannan karon ko baki ba ya iya buɗewa sosai. Madam ta ba shi magani, ta ce in kumburin ya sauka ya je Damagaram a yi masa radiyo na baki duka, wato hoton ƙashi irin wanda muka saba, baƙi da fari, da ake ɗagawa a taga.

Da ya kawo, ta ɗaga a taga ta daɗe tana kallo. Sai ta kira ni ta nuna mini wasu siraran layuka biyu da suka bi ta ƙarƙashin haƙora. Ta ce wannan hanya ce cikin ƙashin muƙamuƙi, a cikinta jijiya take, wadda ke sa leɓen ƙasa da haɓa su ji taɓi. Saiwar haƙorin Sale ta hau kan layukan nan. Matsalar radiyo, kamar inuwa ce a bango. In ka ga inuwar mutum biyu ta haɗu, ba ka san ko rungumar juna suka yi ba, ko kuwa ɗaya yana nan ɗaya yana can baya. In a nesa da juna suke, a cire haƙori lafiya. In kuwa a manne suke aka fizgo, jijiyar ta tsinke, leɓe ya mutu. Ba ciwo, ba ji, miyau na zuba mutum bai sani ba. Wani yakan dawo, wani har abada.

Ta tambaye ni sana'arsa. Na gaya mata. Sai ta ajiye bik ɗin da take rubutu da shi ta ce ba za ta taɓa haƙorin nan ba sai an yi masa sikana, wani hoto ne da yake nuna ƙashi ta kowane gefe, a juya shi, a leƙa cikinsa. Mafi kusa da muka samu labari a lokacin a Kano yake.

Majo bai ji daɗi ba, bai kuma ɓoye ba. Ya ce irin wannan haƙorin ya cire ba iyaka tun Madam tana goye, ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙara. Ya ce yaran yanzu tsoro suke ji, sai su sa wa tsoron sunan inji.

"Madam, hannu ne ke gani," in ji shi. "Allo ba ya cire haƙori."

Da ya ce ba wanda ya taɓa dawowa, gaskiya ya faɗa. Mutanenmu ba sa dawowa. Cewa suke iska ce ta shafe su, su nufi wurin mai magani. Amma ni ina gamuwa da su wurin suna da jana'iza. Akwai wata mata a Kwaya da kullum gefen mayafinta yana kan bakinta, na san ranar da hakan ya fara, don ni na riƙe kanta. Shi ya sa na bi bayan Madam. Na fita na sami Sale a kan benci na ce ya shirya zuwa Kano.

Ya dube ni a karkace, kumatun bai gama sacewa ba. Ya ce, "Yaya Habu, tun da ka auri yayata ban taɓa cin ribarka ba. Yau kuma a kan haƙori ɗaya za ka tsallaka da ni ƙasar wasu?"

Na ce masa shi da bakinsa ne gonarsa, in yana so Majo ya fizge yanzu, ga kujera can. Ya dubi kujerar. Ya tafi.

Ranar kasuwa ya dawo, da hantsi, a kan kabu-kabu, ciwon ya fara tasowa kuma. Ya ciro wani abu daga aljihu naɗe cikin hankici, ya warware a kan tebur. Faifan sidi ne. Ba hoto, ba komai. Ashe masu sikanan sun ce ya jira washegari a rubuta masa bayani, shi kuwa ba shi da masauki ga mota za ta tashi, sai ya karɓi faifansa ya taho.

Majo ya ɗauki faifan da yatsu biyu, ya ɗaga a taga yadda muke yi wa radiyo, ya juya shi gaba da baya. Ya ce shi dai fuskarsa kawai yake gani, kuma ba ta da ciwon haƙori. Madam ta karɓi faifan. Ta jawo ordinater ɗinta tana lalube gefensa, irin na zamani ne siriri, ba shi da wurin sa faifai. Na biro kuwa, wato na ofis, ya daɗe da mutuwa. A duk garin wuri ɗaya na sani: rumfar Nasiru mai turi, wanda ke zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai a waya.

Madam ta cire farar rigarta ta yafa mayafi, muka kama hanya mu uku, ni da ita da Sale. Rumfar Nasiru tana tsakanin masu tireda da masu gyaran babur. Wayoyin caji sun yi sheƙa a kan tebur, lasifika na ta ruri, tsohon ordinater ɗinsa an ɗaure murfin da salatif. Ya sa faifan. Abin ya yi ta gurnani yana tsayawa. Nasiru ya ce wannan ba fim ba waƙa, anya ba a cuci bawan Allahn nan ba? Sai ga shi ya buɗe. Rubutun duk Ingilishi ne. Allon ya rabu gida-gida, sauran duk toka-toka, ɗaya kuma ƙoƙon kai ne, daga hanci zuwa haɓa, haƙora a waje. Nasiru ya ja yatsa, ƙoƙon ya juyo ya fuskance mu.

Kafin ka ce me, mutane sun taru. Sale ya matso ya duba. Yana da wushirya, ga ta nan a allo, ba leɓe ba nama. Ya daɗe yana kallo. Sannan a hankali ya ce, "Yaya, wannan ai kabari kaɗai ya kamata ya gan shi."

Ya koma ƙarshen benci ya juya mana baya, bai sake waiwayowa ba. Na kori mutane da faɗa, na rataye tabarmar Nasiru a bakin rumfa. Shi Nasirun har yana roƙo wai a bar shi ya kwafa, masu kallo za su so. Na ce ya kwafa ya ga yadda ake taka ordinater da ƙafa.

Madam ta zauna a kujerarsa. Ashe ƙoƙon nan da ya tara jama'a ado ne kawai, aikin yana cikin masu toka-tokar. Yadda na fahimta, injin yana yanka muƙamuƙi ne kamar yadda mace ke yanka kuɓewa, sala-sala, kowane yanki ka ga ramukan cikinsa. Sai dai yankan ba iyaka. Tana jan yatsa, siffofi suna kumbura suna motsewa, fari ya zama baƙi, baƙi ya ɓace. Ta je gaba, ta dawo baya. Ta danna wani wuri komai ya kife, ta kasa maida shi sai da Nasiru ya sa hannu. Ni fuskarta nake kallo. Na daɗe ina tsayawa a bayan likitoci, na san fuskar mai nema da fuskar wanda ya ɓata. Gumi ya jiƙa mata gefen mayafi.

Na sunkuya na ce, "Madam, an gani?"

Ba ta ɗago ba. Da Faransanci ta amsa, can ƙasa-ƙasa. "Baba Habu, ban iya karanta shi ba. A makaranta an nuna mana hotonsa, an gaya mana lokacin da ake nemansa. Ban taɓa riƙe shi da hannuna ba."

Na ɗago na dubi bayan Sale. Na tura mutum ƙasar wasu da kumburarren baki, ya ga abin da ya firgita shi, ga bukukuwa sun ƙarato, ashe wadda ta nemi hoton ba ta san kansa ba. Na ji kamar in kama ta da faɗa a gaban kowa. Sale ya ji muna ƙus-ƙus, ya tambaya daga inda yake ko me ta ce. Na ce ta ce a ɗan jira.

A nan zan gaya muku abin da na sha gani. Da wani ne, sai ya gyaɗa kai kamar ya gane, ya ce to madalla, a koma asibiti, ya miƙa wa Majo awartaki. Ba mai ganewa. Ni kaina da ban gane ba sai bayan aiki. Ita wayarta ta ciro. Ta kira malaminta na da, bai ɗauka ba. Ta kira wata, ba ta sani ba ita ma. Sannan ta sami wani da suka yi aji ɗaya, yana aiki a Yamai inda ake amfani da irin wannan hoto. Na ji dariyarsa ta cikin waya da ta gaya masa inda take zaune. Da ta ce masa mai algaita ne, dariyar ta tsaya.

Suka koma kiran bidiyo. Ni aka ba waya in riƙe ta saitin allo. Rezo, wato sabis ɗin waya, yana zuwa yana ɗaukewa, fuskar mutumin ta daskare baki buɗe, mu tsaya jira. Nasiru ya kashe lasifikarsa, amma wa zai kashe masu gyaran babur? Hannuna ya yi tsami, in sauya, ya ce kar in motsa. Aka kira azahar, muka yi salla ɗaya bayan ɗaya. Duk lokacin da kiran ya yanke sai in ce a raina shi ke nan, ba zai sake ɗauka ba, mutum yana da nasa aikin. Sai ya ɗauka.

Ya sa ta juya yankan ya zama a gicciyen muƙamuƙi. Yana cewa gaba, gaba, baya kaɗan, tsaya. Sai ga wani ɗan baƙin rami zagayayye a cikin farin ƙashi, kamar dai na kuɓewa. Ya ce wannan ce hanyar jijiyar, ta bi ta kar ta sake ta. Tana ja a hankali, ramin yana matsowa, har ya shiga tsakanin wasu fararen abubuwa biyu. Saiwoyin haƙorin ne. Ta ƙara ja, sai saiwoyin suka lanƙwaso suka kusa haɗewa a ƙarƙashinsa, kamar yatsu biyu sun kama igiya. Ko ni na gani. Duk wanda ya fizgo haƙorin nan, da jijiyar zai fito.

Na ɗauka an gama. Sai ta ce masa ya yi shiru, tana so ta nemo ta gefen hagu da kanta, gefen da lafiyarsa lau. Ta ɓata, ta dawo, ta sake ɓata. Ni ina tsaye riƙe da waya, Sale yana nishi a bayana. Na ce a raina yau ne ranar karatu? Da ƙyar ta samo ta, ta nuna masa, ya ce ita ce. Sannan ta yi masa godiya.

Shawarar da suka yanke ita ce a yanke kan haƙorin, wanda shi ne ke tara ƙazanta, a bar saiwar a cikin ƙashi, a ɗinke nama a kanta. Haƙorin ba ruɓaɓɓe ba ne, saiwar lafiyarta lau, za ta zauna ƙashi ya rufe ta. Da ta fassara mini wannan, na san wata matsalar ce ta taso.

Ku baƙi ba ku san wannan ba. A nan, in an cire wa mutum haƙori, sai an naɗe masa shi a kompires, ƙyallen rufe ciwo, an ba shi. Yana fita zai buɗe, ƴan rakiya su kewaye shi, a duba saiwa. In ta fito doguwa, cikakkiya, sai a ce kai, wannan aiki ya yi. A kai gida a nuna wa kowa, sannan a binne. Haƙorin da ba saiwa kuwa karyayye ne, aikin masu cire haƙori a kasuwa. Sunan Majo duk a kan saiwa ya ginu.

Haka kuwa aka yi. Da muka koma Majo ya ce a sarbis ɗinsa ba a barin saiwa. Madam ta nuna masa hotunan da ta ɗauka daga allo. Ya sa madubinsa, ya kai wayar nesa, ya kawo kusa, ya ce shi toka kawai yake gani. Ban sani ba ko bai gani ba ne ko bai so gani ba. Ya cire madubin ya ce ita ce dokta, abin da ya biyo baya nata ne. Sannan ya ce amma shi zai riƙe mata ƙarafa, don ba zai bar ni ni kaɗai in riƙe ba, hannuna rawa yake. Wannan ma gaskiya ne.

Na yi wa Sale bayani, na maimaita, har na zana masa a ƙasa. Ciwo ya hana shi saurare. Ya ce mu yi duk abin da za mu yi, shi dai ya busa.

Bayan ƴan kwanaki na shan magani aka yi aikin, da safe, an tada gurup, wato janareta, don kar kuran ya ci amanarmu. Ta yi masa allurar kashe wuri, ta tsaga nama, ta ɗan rage ƙashi, ta shiga yanka wuyan haƙorin da inji. Ni ina riƙe da abin zuƙe ruwa. Hatsarin wannan aiki, in saiwar ta girgiza ko kaɗan, ba za a iya barinta ba, dole a ciro ta, an koma inda ake gudu ke nan. Da kan haƙorin ya ɓalle ya yi ƙara ɗaya, ƙas. Madam ta tsaya cak, tana leƙawa, jini ya rufe wurin. Sai Majo ya karɓi wani siririn ƙarfe, ya ɗora bakinsa a kan saiwar kamar mai taɓa ƙwai, ya lumshe ido.

"Ba ta motsa ba," ya ce. "Ɗinke abinki."

Na naɗe guntayen a kompires na miƙa wa Sale, don ba yadda zan yi. A kan bencin waje ya buɗe, ga ƴan'uwansa biyu da suka rako shi. Suka duba, suka dubi juna. Da karkataccen baki ya tambaye ni ina saiwar. Na ce wadda na zana maka a ƙasa. Ɗaya daga cikinsu ya ce, ashe dai karyewa ta yi.

Allurar ya kamata ta sake shi kafin la'asar. La'asar ta yi, harshe ya dawo, kumatu ya dawo, leɓen ƙasa gefen dama yana nan kamar fatar takalmi. Washegari haka. A gidana ya sauka, don haka a gabana komai yake. Yana shan kunu yana zubo masa a riga bai sani ba. Mariya ta daina yi mini magana, sai ta dire kwano ta wuce. Sau ɗaya ta buɗe baki, ta ce in bakin Sale ya mutu ni zan ciyar da ƴaƴansa, tunda ni na san hanyar Kano.

Na maida shi wurin Madam. Ta sa ya rufe ido, tana taɓa haɓarsa da auduga da bakin ƙarfe tana tambaya, ni ina fassarawa. Inda ya ce bai ji ba, ta zagaye da bik. Zanen ya kama rabin leɓe har zuwa haɓa. Ta ce wataƙila kumburi ne ya danne jijiyar, ko aikin ya ɗan taɓa ta, irin wannan galibi yana dawowa. Na ce galibi? Ta ce galibi. Ba ta yi mini rantsuwa ba, ni kuwa rantsuwa nake so in kai gida. Majo bai ce na faɗa muku ba, amma ya daina shigowa in Sale ya zo.

Aka shiga bukukuwa. Masu gayyata suka yi ta zuwa ƙofar gidana, suna komawa. Wani mai algaita daga wajen Kwaya ya kwashe wuraren da tun ubansu suke busawa. Wata rana Sale ya zaga bayan gida ya gwada. Iska ta yi ta tserewa ta gefen baki, abin da ya fito ko akuya ba ta yin irinsa. Ya shigo ya cusa algaitar ƙarƙashin gado. Ni kuma na zama ba abin da nake kallo sai haɓarsa. Yana magana ina kallon zanen bik, yana cin abinci ina kallo. Aka sake aunawa, sabon zane ya hau kan tsohon daidai, ko gashi bai matsa ba. A ranar na kasa cin tuwo. Na zauna ina tunanin matar Kwaya da mayafinta, ina tunanin ashe duk wahalar nan wuri ɗaya ta kawo mu.

Sai wata safiya ya ce wani abu na yi masa yawo a leɓe kamar kiyashi, ya dame shi. Da na gaya wa Madam ta sauke numfashi ta zauna a kujerar marasa lafiya, abin da ba ta taɓa yi ba. Daga nan zanen ya fara motsewa, a hankali ƙwarai, kamar tafki a rani. Ya koma kamar ƙwayar gyaɗa a gefen baki. Ya koma ƙauye da shi haka. Wajen tsakiyar sanyi ya aiko mini cewa zai busa a kokowa a Dungas. Na je na tsaya daga nesa. Ya cika kumatu ya ja sauti ɗaya dogo, ina jira ya yanke, bai yanke ba. Na nemi gindin bango na jingina.

To ga yadda labarin ya zauna a ƙauyuka. Wai wata yarinya Bazabarma ta tura Sale Kano a banza, ta karya masa haƙori, ta kasa ciro saiwa, ta kashe masa baki wata da watanni, sai rubutun wani malami ne ya tashe shi. Shi kansa Sale haka yake faɗa. Daga lokacin duk wanda ya zo sai ya ja ni gefe ya ce Majo yake so. Kafin damina ta zagayo afektasiyo ta ɗauke Madam. Ta sha rubuta neman a tura ta koyon karatun sikana, ban san ko an taɓa amsa mata ba. Wanda ya maye gurbinta ya ce shi ya san sikana sarai. Na tambaye shi ko ya taɓa bin jijiya a ciki da hannunsa. Ya ce in je in wanke ƙarafa.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe ko ku zubar. Injin yana gani, ban musa ba, na ga abin da ya gani da idona. Amma cikin waɗanda na yi aiki a bayansu, wasu raina shi suke don ba su san shi ba, wasu nemansa suke don littafi ya ce a nema, in an kawo kuma su yi ta gyaɗa kai. Wanda zai zauna a tsakiyar kasuwa ya gaya wa mai wanke ƙarafa cewa bai iya ba, mutum ɗaya na gani. In za ku tura talaka neman hoto, ku fara tambayar kanku wa zai karanta, da me, a ina. Kuma kar ku sa ran godiya. Mutanenmu abin da aka sa musu a tafin hannu suke yabawa, ɓarnar da ba ta faru ba kuwa ba a naɗe ta a kompires.

Sale yana nan yana busa, ya ƙwato wurarensa duka. In ya sauke algaita don ya huta, ya tara mutane, sai ya ɗauko labarin yarinyar da ta kusa kashe masa baki, har da kwaikwayon Hausarta, a yi ta dariya. Da can ina gyara masa. Yanzu na bari, sai in tsaya ina kallon bakinsa kawai. Da wannan leɓen yake zaginta, ko ɗigon miyau ba ya zuba.